Allo ya yi baƙi: kurakuran da aka fi yi idan Raspberry Pi ta ƙi nuna hoto

Wata Asabar da yamma wani yaro da nake koya wa aiki ya shigo mini da Raspberry Pi 4, ƙaramar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, ƙunshe a leda, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce, "Malam, ta ƙone." Kwana uku ke nan yana fama. Ya sake rubuta katin memori sau huɗu, ya kwafo layuka sun fi goma daga intanet ya zuba a config.txt, fayil ɗin saitin da Pi ke karantawa lokacin tashi, har talabijin ɗin maƙwabta ya aro, amma allo na nan baƙi ƙirin. Na karɓa na juya ta a hannu. Adaftar da ya saya don haɗa babban kebul na HDMI da ƙaramin ramin Pi ɗin tana da ƙiba, ta tokare da kan cajar da ke gefenta, ta shiga rabi ta tsaya a karkace. Na zare ta na sa kebul na gaske, hoto ya fito kafin ya gama zama.

Yawancin abin da ake kawo mini da sunan "matsalar allo" haka yake: an bar jaki ana dukan taiki. Baƙin allo alama ce kawai, kuma abubuwa biyar zuwa shida ne ke iya jawo ta, daga wuta har zuwa katin memori. Wanda ya fara da gyaran fayil kafin ya san wanne ne a ciki, wahala ya ƙara wa kansa.

Ka dubi fitilu tukuna

Kafin ka taɓa komai, ka jona wuta ka zuba wa ƙananan fitilun nan ido. A Pi 3 da Pi 4 akwai ja akwai koriya. Jar ta wuta ce, tsayawa take yi cak. In tana ɗaukewa ko ta mutu gaba ɗaya, wutar ce ba ta isa ba. Koriyar kuwa tana ƙyafta ido barkatai lokacin da ake karanta kati, kuma wannan barkatai ɗin shi ne lafiya. In ka ga ta koma ƙyaftawa da tsari, tana yi tana tsayawa tana maimaitawa, to magana take yi maka, sai ka ƙirga. Huɗu gajeru: ba ta sami start.elf ba, fayil ɗin da take fara tashi da shi. Bakwai: ba ta sami kernel ba, wato zuciyar manhajar. Duka biyun laifin kati ne, babu ruwan allo. Pi 5 fitila ɗaya gare ta mai sauya launi, Pi Zero kuma koriya kaɗai.

Ga wata dabara da mutane da yawa ba su sani ba. A Pi 4 da Pi 5, zare katin gaba ɗaya ka kunna. In ba tana cikin na farko-farkon 2019 da ba a taɓa sabunta su ba, za ta nuna shafin rubutu tana cewa ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Ganin wannan shafi albishir ne: kwamfutar lafiya, kebul lafiya, allo lafiya, ka koma kan kati. Kada ka gwada wannan a Pi 3 ka tsorata, ita ba ta nuna komai in babu kati.

Kurakuran kati kuwa sanannu ne. Wani kwafar fayil ɗin manhajar yake yi ya ajiye a kati kamar yadda ake tura waƙa, alhali sai an rubuta shi da manhajar rubuta kati irin su Raspberry Pi Imager. Wani ya zaro katin tsohuwar Pi 3 ya sa a sabuwa. Manhajar Pi, wato Raspberry Pi OS, kowane zubi da sunansa: Pi 4 ba ta tashi da abin da ya girmi Buster na 2019, Pi 5 kuma sai Bookworm na 2023 ko wanda ya biyo bayansa. In allo ya tsaya a kan murabba'in nan mai launukan bakan gizo bai wuce ba, nan ma kati ko wuta za ka tuhuma, domin fitowar launukan kanta shaida ce cewa HDMI na aiki. Akwai kuma wanda ya ɗora Raspberry Pi OS Lite, ya ga baƙin shafi da fararen rubutu ya ce ta lalace. Ba ta lalace ba, ita Lite haka aka yi ta, rubutu zalla.

Cajar waya ba ita ba ce

Nan ne aka fi yi mini gardama. "Ai tana cajin wayata lafiya lau." Gaskiya ne, amma waya tana da batir, ko wuta ta ragu ba za ta nuna ba. Pi ba ta da inda take ajiye wuta. Pi 3 na son amfiya 2.5, Pi 4 na son amfiya 3 a kan bolt 5.1, cajar Pi 5 ta kamfani kuma wat 27 ce mai ba da amfiya 5. Da zarar ƙarfin wuta ya faɗo ƙasa da bolt 4.63 sai ta fara ƙorafi: a tsofaffin manhajoji alamar walƙiya ce a kusurwar allo, a sababbi kuma saƙon gargaɗi. Hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko ta kai tsakiyar tashi ta sake komawa farko, musamman in ka jona mata abin USB mai shan wuta.

Sau da yawa ma kan cajar ba shi da laifi, siririn kebul ɗin ne mai tsawo ke shanye wutar a hanya. Araha ba ta ado. In kana iya shiga cikinta, buɗe Terminal, wurin rubuta umarni, ka rubuta `vcgencmd get_throttled`. Amsar `0x0` lafiya ce. In ka ga `0x50005`, yanzu haka wuta ba ta isarta. `0x50000` kuma na nufin abin ya faru tun bayan da aka kunna ta, ya wuce. Mu da muke zaune tsakanin wutar gari da janareta, lambar nan ta biyu ba baƙuwa ba ce.

Ramuka da kebul

HDMI iri uku ne a gidan nan, kuma masu sayarwa suna yawan cakuɗa su. Pi 3 da waɗanda suka gabace ta babban rami gare su, Pi Zero na da mini, Pi 4 da Pi 5 kuma micro guda biyu. Mini da micro ba ɗaya ba ne, ka tafi kasuwa da kwamfutar a aljihu ka gwada a gaban mai shago. In allo ɗaya za ka yi amfani da shi, sa shi a HDMI0, wato ramin da ke maƙwabtaka da na wuta. Sannan ka ɗauki rimot ka tabbata talabijin na kan ramin da ka jona. Kada ka ji kunya, ni ma na taɓa ɓata rabin awa a kan wannan.

Tsarin kunnawa ma na da tasiri. Lokacin tashi Pi na tambayar allo ta cikin kebul, "wane girman hoto kake ɗauka?", allon ya turo mata bayaninsa da ake kira EDID. In allon a kashe yake a lokacin, ba ta ji amsa ba. Pi 3 mai tsohuwar manhaja sai ta ɗauka babu HDMI, ta juya hoton zuwa ramin bidiyo na da, na kebul mai kai rawaya. Don haka allo ake fara kunnawa, sannan kwamfuta. Wannan na cizon mutane bayan an ɗauke wuta an dawo da ita: su biyun sun tashi tare, Pi ta riga talabijin farkawa.

Sai tsofaffin monitoci na gwanjo masu shuɗin rami na VGA, waɗanda su ne suka fi yawa a makarantu da shagunanmu. HDMI da VGA harshe biyu ne daban, sai da tafinta a tsakani, wato adafta mai ɗan ƙwaƙwalwa a ciki. Kebul zalla mai HDMI a wannan kai da VGA a wancan ba zai yi ba. Kuma tafintar hanya ɗaya take bi: wadda aka rubuta VGA zuwa HDMI ba za ta yi maka aikin HDMI zuwa VGA ba, ko da ramukan sun shiga daidai. In ka samu mai ramin ƙarin wuta a gefe, ita ka ɗauka, don sauran daga jikin Pi ɗin suke sha. Monita mai farin rami na DVI-D ya fi sauƙi, kebul zalla ya wadatar, sai dai babu sauti.

Shawarar da ta tsufa

Wannan shi ne kuskuren da ya fi ci mini rai, domin masu ƙoƙari ne ke faɗawa cikinsa. Ka bincika matsalar a intanet, abin da zai fara fito maka shi ne ka buɗe config.txt ka rubuta `hdmi_force_hotplug=1`, ko `hdmi_safe=1`, ko ka saita `hdmi_group` da `hdmi_mode`. Shawara ce mai kyau a zamaninta, ta yi wa mutane aiki tun fitowar Pi ta farko a 2012. Amma daga zubin manhajar na Bullseye na 2021 aka sauya mai kula da hoto: aikin ya bar hannun manhajar tashi ya koma hannun Linux, ta hanyar abin da ake kira KMS. In ka ga layin `dtoverlay=vc4-kms-v3d` a config.txt ɗinka, to waɗancan layukan na hdmi kamar kana yi wa kurma raɗa ne da zarar Linux ta karɓi ragama. Shi ya sa mutum zai ga bakan gizo, ya ga rubutun farko, sai allo ya ɗauke daidai lokacin da yake jiran ganin tebur.

Yanzu a cmdline.txt, wani fayil ɗin saitin da ke kan katin, ake gyaran. Zare katin ka sa a wata kwamfuta, buɗe ɓangaren da ya bayyana da sunan bootfs. In Windows ta ce za ta goge maka ɗaya ɓangaren don ba ta gane shi ba, ka ce a'a. In ka amsa, aikinka ya tafi. A ƙarshen layin da ke cikin fayil ɗin, bar tazara ɗaya ka ƙara:

`video=HDMI-A-1:1280x720@60D`

HDMI-A-1 shi ne HDMI0, HDMI-A-2 shi ne ɗayan. Harafin D na ƙarshe yana tilasta mata ta fitar da hoto ko ba ta ji motsin allo ba, wanda shi ne maganin matsalar dawowar wuta. Na zaɓi 1280x720 ne da gangan, don da wuya ka sami talabijin mai HDMI da zai ƙi shi. Monitan VGA kuma ka fara masa da 1024x768. In hoto ya fito, sai ka hau sama a hankali. Abu ɗaya: cmdline.txt layi ɗaya tak ne. Ka danna Enter ka sa naka a layi na biyu, ba za a karanta shi ba.

A cikin Pi ɗin kanta, daga Bookworm fayilolin nan sun koma /boot/firmware/. Tsohon umarnin `tvservice` ya daina aiki, `kmsprint -m` ne ke jero girman hoton da allonka ya ce yana ɗauka. In jerin ya fito fayau babu komai, EDID bai iso ba, ka koma kan kebul ko adafta. Haka `xrandr` ba zai saita maka komai ba a inda Wayland, sabon tsarin nuna tebur, ke aiki, `wlr-randr` ne a madadinsa.

Akwai wani tarko na musamman ga Pi 4. Ƙananan talabijin masu araha da yawa girmansu 1366x768 ne, ita kuma Pi 4 tana tura ɗigon hoto bibbiyu a kowane bugu, lissafin wannan girman na asali kuwa yana da lambobin da ba sa rabuwa biyu. Ka tilasta mata shi, sai allo ya ce ba ya gane saƙon. Ba ta 1360x768 ko 1280x720 a zauna lafiya. Ɗigo shida ba wanda zai lura da rashinsu.

Duk gyaran da za ka yi, ajiye kwafin fayil na asali, kuma abu ɗaya za ka sauya ka gwada. Yaron nan da ya zuba layi goma lokaci guda, da ma hoton ya fito ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Masu haɗa ta da tsohon talabijin ta kebul mai kai rawaya su sani cewa Pi na fitowa ne da tsarin NTSC na Amurka, talabijin ɗin Najeriya kuwa PAL ne, shi ya sa hoton kan zo fari da baƙi ko ya riƙa gungurawa. Maganinsa a tsohon tsari `sdtv_mode=2` ne a config.txt, a KMS kuma `vc4.tv_norm=PAL` a cmdline.txt. A Pi 4 wannan rami a rufe yake sai ka buɗe shi, kuma buɗe shi na kashe HDMI. Pi 5 ma ba ta da ramin sam.

Ƙaramin allon taɓawa na kamfanin, mai inci 7 da ya fito a 2015, da faffaɗan kebul mai kama da zirin leda ake haɗa shi. A Pi 4 ramin allo da na kyamara kamanninsu ɗaya, ka karanta rubutun da ke jikin faifan kafin ka cusa. Ɗaga maƙallin a hankali da farce, ka tabbata haƙoran ƙarfen kebul ɗin na kallon na ramin, kuma kada ka yi haka wuta na jone. Ramukan Pi 5 sun fi ƙanƙanta, tsohon kebul ba ya shiga, sai an sayi nata.

In kuwa komai na tafiya daidai sai bayan minti goma allo ya yi duhu, ka motsa linzami ya dawo, wannan ba cuta ba ce, barci ne. Shiga `sudo raspi-config`, ɓangaren Display Options, ka kashe Screen Blanking, ka sake kunna ta.