Kurakuran Masu Koyon Zane da Suka Ishe Ni

Babu abin da ya ishe ni a littafin ɗan koyo kamar karce-karce. Mutum zai zana gefen kofi, maimakon ya ja layi ɗaya ya wuce, sai ya yi ta jera 'yan gajeru ɗaya kan ɗaya, har gefen ya koma kamar tsohuwar tsintsiya. Tsoro ne ke kawo haka, sai kuma riƙon fensir. Yawanci ana kama shi a can bakinsa kamar za a rubuta wasiƙa, a kafe hannu a kan takarda, wuyan hannu kaɗai ke motsi. Wuyan hannu kuwa ba ya iya tafiya mai nisa, kuma lanƙwasa yake yi, shi ya sa dogon layi ke kakkaryewa.

Abin da nake yi shi ne in ɗiga ɗigo biyu, ɗaya nan ɗaya can, in ɗaga fensir in yi ta kai hannu ina dawowa a sama ba tare da na taɓa takarda ba. Idan hannu ya gane hanya, sai in sauke in ja sau ɗaya, daga kafaɗa, idona a kan ɗigon da zan isa. Ya kauce? Bar shi, ja wani a gefe. Juya takardar ma ba laifi ba ne, ka juya ta zuwa inda hannunka ya fi sakewa.

Kuma don Allah a ajiye abin gogewa. Ni da biro nake sa yara atisaye, a bayan takardun da suka lalace a shagon fotokwafi. Wasu malamai ba su yarda da wannan ba, sun ce yana karya wa ɗalibi gwiwa. Ni dai na ga wanda ya san ba zai iya gogewa ba yana tsayawa ya duba kafin ya ja.

Na biyu shi ne wanda ya taɓa cin kuɗina: rashin tsayar da tsayin ido. Wani mai shayi ya ba ni aikin bangon rumfarsa. Na zana teburi kamar ina leƙo shi daga saman rufi, na ɗora buta da gwangwanin madara kamar ina tsugune a gabansu. Da ya zo sai ya ce, "Malam, ai wannan teburin zubar da kaya zai yi." Fentin gyara daga aljihuna ya fito.

Kafin ka zana komai, ja layi a kwance, wato daidai inda idon mai kallo yake. Abin da ke ƙasa da layin, samansa za ka gani. Abin da ke sama da shi, ƙasansa za ka gani. Layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa suna yin nisa, kamar gefen titi ko layin dogo, duk a wuri ɗaya za su haɗu a kan wannan layi. Tsaya a miƙaƙƙen titi ka dubi falwayoyi, suna gajarta kuma suna matsowa kusa da juna. In mutane ne a kasuwa, kai ma kana tsaye a ƙasa mai daidai, kawunansu kusan duk a layi ɗaya suke, ƙafafun na nesa ne ke hawa sama. Ɗan koyo sai ya ɗaga na nesa gaba ɗaya, su yi ta shawagi.

Kada wanda ya ce mini wai salonsa ne. Wani Ba'italiye, Alberti, ya rubuta wannan ƙa'ida tun 1435, kai a yau ka kasa zana kwalin ashana yana zaune daram, kana fakewa da salo? Ɗauki kwalin, ajiye shi a ƙasa, a kan teburi, a saman ƙofa, ka zana shi a kowane wuri har ka ƙosa.

Sauran ƙanana ne. Bakin kofi ba ya da tsini a gefe, zagaye ne da ya matse. Gindinsa kuma ba miƙaƙƙen layi ba ne, in kofin yana ƙasa da idonka gindin ya fi bakin lanƙwasa. Fara da fensir mai lamba HB a hankali, 2B da 4B, waɗanda suka fi shi baƙi, sai ƙarshe. Daina murza inuwa da yatsa, maiƙon hannu na ɓata takarda. Idanu a tsakiyar kai suke, ba a goshi ba, kuma ba a fara gashin ido kafin a fitar da siffar kan. Kwalin fensira mai tsada kuwa, bari sai ka cika littafi guda da biro tukuna.