Darasi na Bakwai: Wa Ke Hana Huhu Cika Ya Wuce Kima?

Kun taɓa tsayawa wajen mai faci a Kawo ko Tudun Wada yana ba taya iska? Idonsa na kan geji, hannunsa na latsa tayar. Da ta ƙoshi sai ya zare bututun, don in ya yi sake tiyub zai fashe. To, huhunmu ma iska yake sha dare da rana, har muna barci. Wa ke zare masa bututu?

A bangon hanyoyin iska na cikin huhu akwai wasu 'yan mitsi-mitsin jijiyoyi masu jin miƙewa. Idan huhu ya kumbura sosai, sai su aika saƙo ta wata doguwar jijiya da ta bi ta wuya ta haɗa ƙwaƙwalwa da ƙirji da ciki. Saƙon kan isa gindin ƙwaƙwalwa, saitin ƙeya, inda ake juya akalar numfashi. Daga can umarni ke saukowa ga faifan naman da ya raba ƙirji da ciki: ya isa haka, saki. Shaƙa ta tsaya, iska ta fita. Ba a neman shawararku, kamar yadda hannu ke janyewa da kansa in ya taɓa tukunya mai zafi.

Wasu masana biyu, Ewald Hering da Josef Breuer, su suka gano wannan a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1868. A kan dabbobi suka yi gwajin. Sun lura cewa in aka hura huhu, shaƙa kan tsaya, amma in aka yanke doguwar jijiyar nan, birkin nan mai tsayar da shaƙa ya daina aiki.

Babban mutum da ke zaune yana hutawa yakan shaƙi kimanin rabin lita a kowane numfashi, wato cikin ledar fiya wata guda. Wannan bai isa ya ta da birkin sosai ba. Sai shaƙa ta kai wajen lita ɗaya da rabi, leda uku ke nan, kamar ta masu gudun asuba a Dandalin Murtala ko mai tura kurar ruwa a kan hawa. Jarirai kuwa, birkin na aiki a numfashinsu na yau da kullum. Haƙarƙari ma na taimakawa, tunda ƙirji ba ya buɗewa fiye da iyakarsa.

Aikin gida

Ku nemi agogo ko waya. Ku sa wani ya zauna ya natsu, ku ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya ɗaga cikin minti ɗaya. Kada ku gaya masa, don da ya sani zai sauya numfashin. Babba mai lafiya yakan yi 12 zuwa 20. Ku rubuta abin da kuka samu a littafinku.

Iyaye mata, ƙirgar nan ta fi amfani gare ku, musamman da hunturu lokacin da tari ke yawa. Ku ƙirga sa'ad da yaro ya natsu, ba yana kuka ba. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya yi 60 ko fiye cikin minti ɗaya, numfashin ya yi sauri. Haka ɗan wata 2 zuwa shekara 1, in ya yi 50 ko fiye. Ɗan shekara 1 zuwa 5, in ya yi 40 ko fiye, numfashin ya yi sauri, kuma yana iya zama limoniya. Haka in ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki yayin shaƙa. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai shi asibiti a ranar.