Yadda Ake Ƙawata Gidan Abinci na Alfarma a Tsohon Garin Jidda

Duk wanda ya samu ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen Al-Balad, tsohuwar unguwar Jidda, yana kuma son mayar da shi gidan abinci na alfarma, to ya fara da neman izinin hukumar da ke kula da unguwar, domin tun 2014 UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya, kuma ba a taɓa bango ko taga yadda aka ga dama.

Da dutsen murjani aka gina bangayen, ana shimfiɗa katako a kwance tsakanin sahun duwatsu. Dutse ne mai shan danshi, saboda haka kada a bar magini ya shafe shi da siminti, wanda zai kulle danshin a ciki har yaɓen ya riƙa ɓarewa. A yi amfani da nura, farar ƙasar da magina na da suka yi aiki da ita. Ɗakin girki da manyan firiji kuwa su tsaya a ƙasa, domin daɓen benen bisa katako yake.

Darajar gidan tana ga roshan, tagar katakon nan mai sassaƙa da ke leƙowa kan titi, irin wadda ake gani a Gidan Nasif, wani sanannen tsohon gida a unguwar. A nan za a ajiye teburan da suka fi daraja, kada kuma a rufe ta da labule mai kauri, domin da la'asar hasken da ke ratsowa ta ƙananan ramukanta yana zana kansa a kan farin ƙyallen tebur, kuma babu adon da za a sayo ya kai wannan. Idan dare ya yi, a kunna fitilu masu laushin haske a ƙasa-ƙasa. Farin ƙwan lantarki mai ƙarfin haske yana kashe kyan katakon. Na'urar sanyaya ɗaki dole ce a zafin Jidda, amma a ɓoye ta, a kuma janye ruwanta nesa da bango.

A zaure a kafa mirkaz, doguwar kujerar Hijaz, inda za a tarbi baƙo da gahawa da dabino. A ganina turaren wuta ma a nan ya kamata ya tsaya, domin idan ya cika ɗakin cin abinci sai ya danne ƙamshin saliƙ (shinkafar da ake dafawa da madara da romo) da sayadiyya (shinkafa da kifi). A bar tazara tsakanin tebura, a raba wa iyalai wuri da shingen katako, sannan a keɓe ɗaki mai tsabta don salla kusa da wurin alwala.