Yadda Za Ka Ƙera Jirgin Sama Na Soso Mai Tashi Da Rimot, Ko Da Ba Ka Taɓa Yi Ba

Jirgin da za ka fara ƙerawa zai faɗo, kuma ba sau ɗaya ba. Shi ya sa ake koyon wannan harka da soso, ba da katako ko jirgin kanti mai tsada ba. Idan hancin jirgin soso ya daki ƙasa ya lotse, gam da salatif sun wadatar, kafin la'asar ka mayar da shi sama. Idan kuwa ya yi kaca-kaca, sai ka ciro inji da sauran kayan lantarki ka dasa su a sabon jiki. Kayan lantarki sau ɗaya ake saye. Jiki kuwa kamar takalmin yaro ne, ana ta canzawa.

Mataki na 1: Zaɓi jirgin da zai yi haƙuri da kai

Ido na ruɗar mai farawa, ya ce shi jirgin yaƙi yake so, mai tsinin baki. Irin wannan ba ya tsayawa a sama sai da gudu, kuma kafin hannunka ya gyara kuskure ɗaya ya riga ya kai ƙasa. Abin da kake buƙata shi ne jirgi mara nauyi, mai tafiya a hankali, wanda fiffikensa ke saman gangar jiki, kuma bakin fiffiken biyu sun ɗan ɗaga sama kamar shirwa tana shawagi. Wannan ɗagawar ce ke sa jirgi ya daidaita kansa idan ya karkata ka saki sandar tuƙi ta rimot.

Abu uku kaɗai za ka sarrafa: gudun inji, elebeta (marfin jela na kwance, mai ɗaga hanci ko sunkuyar da shi), da ruda (marfin jela na tsaye, mai juya jirgi hagu ko dama).

Ba sai ka zana naka ba. Masu Flite Test na jihar Ohio a Amurka, waɗanda suka fara a YouTube a 2010, sun saki zane-zane kyauta, kuma FT Tiny Trainer don masu koyo aka yi shi. Idan za ka buga zanen a takardun A4, ka tabbatar an buga shi a ainihin girmansa, kashi 100, sannan ka haɗa takardun da salatif. In kuma awo kake so ka yi da kanka, ga wanda ke aiki: fiffike santimita 120 daga baki zuwa baki, faɗinsa 20, gangar jiki kusan 85, jelar kwance 40 da 13, jelar tsaye kusan rabin girman ta kwance. Nauyin jirgin duka, har da batir, kada ya haura giram 700.

Mataki na 2: Nemo soso

Ba soson katifa ba. Allon soso mai tauri ake nufi, mai kaurin milimita 5, wanda aka manna wa takarda gaba da baya. Masu rubuta allunan talla da ɗaliban zanen gine-gine suna aiki da shi, don haka shagunan kayan zane ne wurin tambaya. Akwai Depron, mara takarda, mai santsi da rashin nauyi, akwai kuma EPP, wanda ke lanƙwasa ya dawo ba ya karyewa. Farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firij ko talabijin shi ma yana yi, sai dai yana marmashewa, dole a lulluɓe shi da salatif mai faɗi.

Sauran kayan duk na kusa ne: wuƙar yanka takarda da rezoji da yawa, rular ƙarfe, bindigar gam mai narkar da gam ɗin kyandir, salatif mai faɗi, tsinken tsire, robar ɗaure kuɗi, guntun filawud mai kaurin milimita 3, siririyar wayar ƙarfe mai tauri, da tsohon katin ATM da ya daina aiki. Kada ka kusanci soso da sufa-gulu na gama-gari ko fentin feshi, narkar da shi suke yi yana kallonka.

Mataki na 3: Kayan lantarki

A nan kuɗin yake, don haka a nan za ka natsu. Ga haɗin da ya dace da awon da na bayar:

- Inji mara buroshi mai lamba 2212, KV 1000, da farfela 10x4.5. Sayi farfela huɗu ko biyar, su ne ke fara karyewa.
- ESC mai amfiya 30, wato na'urar da ke tsakanin batir da inji tana ƙayyade gudu. Ka duba tana da BEC, wanda ke ba risiba (na'urar da ke karɓar saƙon rimot a cikin jirgi) da sarbo wutar bolt 5.
- Sarbo biyu masu giram 9, irin SG90. Su ne ƙananan injinan da ke ja da tura elebeta da ruda.
- Rimot da risiba masu aiki a 2.4GHz. FlySky FS-i6 mai tashoshi shida (kowace tasha na sarrafa abu ɗaya) ta daɗe tana hidimar masu koyo, kuma za ta bi ka zuwa jirgi na biyu da na biyar.
- Batirin LiPo mai ɗaki uku (ƙananan batira uku a haɗe), bolt 11.1, mAh 1300 zuwa 2200, da caja mai daidaita ɗakuna irin iMAX B6.

Batirin nan ba abin wasa ba ne. Kowane ɗaki yana cika a bolt 4.2, kuma bai kamata a zuƙe shi ƙasa da 3.5 a wurin tashi ba. Idan zai kwana biyu ba a yi aiki da shi ba, a ajiye shi a 3.8. Ka yi caji a kan siminti, nesa da katifa da labule, kana wurin. Wanda ya kumbura ko ya huje ya gama aiki, domin LiPo idan ya kama wuta ba ya jin lallashi.

Mataki na 4: Koyi tuƙi kafin kayan su iso

Saka manhajar kwaikwayon tashi a waya ko kwamfuta. PicaSim kyauta ce. Abin da za ka nace a kai shi ne lokacin da jirgi ya juyo yana fuskantarka: damarsa ta koma hagunka, kuma a nan mafi yawan masu koyo ke kifar da jirgi. Ka maimaita har yatsanka ya daina tambayar ƙwaƙwalwarka.

Mataki na 5: Yanka da haɗawa

Reza mai kaifi kawai. Da zarar ta fara jan soso maimakon yanka shi, canza ta. Kada ka danna da ƙarfi don ka gama a bugu ɗaya. Bi layi sau biyu ko uku a hankali, rula na riƙe da hanya.

Fiffike ya fi komai neman kulawa. Yanki allo mai faɗin kusan santimita 42, ka tsaga layi a tsakiya ba tare da ka ratsa takardar ƙasa ba, ka fere gefen tsagin biyu a karkace don ya naɗu. Manna doguwar ƙashin baya ta soso ninki biyu a kashi ɗaya bisa uku daga gaba, sannan ka naɗo saman ya rufe ta ya haɗu da baya. Ka samu fiffike mai ƙasa shimfiɗe da sama mai tudu. Yi ɓangaren hagu da na dama dabam, ka haɗa su a tsakiya ta yadda kowane baki zai ɗaga santimita 6 daga tebur, ka ɗaure mahaɗar da salatif. Ka yi wannan aiki a kan shimfiɗaɗɗen tebur, domin fiffiken da ya murɗe ba rimot ɗin da zai gyara shi.

Gangar jiki akwati ne dogo mai sirancewa ta baya. Manna filawud a hanci, a kansa za ka ɗaure inji, yana ɗan kallon ƙasa da dama da kusan digiri 2. Soka tsinken tsire biyu su ratsa jiki, ɗaya a gaban fiffike ɗaya a bayansa, ka ɗaure fiffiken da roba a kansu. Kada ka manna shi da gam. Ranar faɗuwa robar ce za ta saki, fiffike ya tsira.

Jela ta zauna daidai, ta tsaye a miƙe cak kan ta kwance. Yanki ƙananan ƙahonni daga katin ATM, ka dasa a elebeta da ruda, ka haɗa su da sarbo da wayar ƙarfe.

Gam kuma kaɗan-kaɗan. Yana da nauyi, kuma kowane giram da ka zuba a jela sai ka biya shi da ninkinsa a hanci.

Mataki na 6: Haɗa wayoyi, babu farfela

Cire farfela tukuna. Na ga yatsan da ta tsaga a kan teburin aiki, don kawai hannun riga ya taɓa sandar gudun inji ta rimot. A FlySky, ESC na shiga tasha ta 3, elebeta ta 2. Ruda kuwa ka sa ta a tasha ta 1, don juyawa da ɗaga hanci su kasance a sandar dama, gudun inji shi kaɗai a hagu. Rimot ake fara kunnawa, sandar inji a ƙasa, sannan a jona batir. Wajen kashewa batir ake fara cirewa.

Tsaya a bayan jirgi ka gwada. Ka ja sanda wajenka, elebeta ta ɗaga sama. Ka tura dama, ruda ta karkata dama. In ya saɓa, juya tashar a cikin rimot. Motsin santimita 1 a elebeta da 2 a ruda ya isa. Idan inji na juyawa baibai, musanya kowane biyu cikin wayoyinsa uku. Saita rimot ta yadda inji zai mutu idan sadarwa ta yanke. Bayan duk wannan ne za ka ɗaura farfela, lambobin jikinta na kallon gaba.

Mataki na 7: Auna ma'aunin nauyi

In da mataki ɗaya za a ce in zaɓa, wannan ne. Jirgi mai muni, mai tabon gam ko'ina, zai tashi lafiya idan nauyinsa ya zauna daidai. Kyakkyawan jirgi mai nauyin jela kuwa, yana barin hannunka zai ɗaga kai, gudu ya ƙare masa, ya kifo.

A fiffike mai faɗin santimita 20, yi alama a ƙasansa santimita 5 zuwa 6 daga bakin gaba, hagu da dama. Saka batir, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu a wurin alamar. Ya kamata ya tsaya a kwance, ko hanci ya ɗan sunkuya kaɗan. In jela ta rinjaya, matsar da batir gaba. Da batir ake gyara wannan, ba da ƙarin ƙarfe ba, sai in babu yadda za a yi. Ka sami wurin, ka yi masa alama, ka ɗaure batirin sosai don kada ya zame a sama. Duk gyaran da ka yi wa jirgi bayan faɗuwa, sake aunawa.

Mataki na 8: Wuri, lokaci da doka

Nemi fili mai faɗi kamar na ƙwallo ko fiye, babu mutane, babu wayoyin lantarki, babu bishiyoyi. Ka nisanci filin jirgin sama, barikin soja da gine-ginen gwamnati, kuma kada jirgin ya haura tsayin mita 120. A Najeriya hukumar NCAA ce ke kula da jirage marasa matuƙi, kuma a 2016 ta ce tashinsu sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ka binciki ƙa'idar inda kake kafin ka fita, ka kuma sanar da masu unguwa ko masu filin.

Sassafe ya fi, kafin iska ta tashi. Ranar da hunturu ke kaɗawa, bar jirgi a gida. Kada ka bar shi cikin motar da ke rana, gam ɗin kyandir laushi yake yi, batir ma ba ya son zafi. Da damina kuma raɓa na ɗaye takardar allo, sai ka lulluɓe hanci da ƙasan jiki da salatif.

Mataki na 9: Tashin farko

Ka je da wani ya jefa maka, hannayenka biyu su zauna a rimot. Ya riƙe jirgi, ka yi nisa da taku talatin ka tabbatar komai na amsawa. Sannan ku fuskanci iska, ka ba inji kashi uku cikin huɗu, ya tura jirgin gaba a miƙe, ba sama ba. Bar shi ya sami gudu kafin ka ɗan ja elebeta.

Hau sama sosai kafin ka fara juyawa, tsayi shi ne ke ba ka lokacin gyara kuskure. Taɓa sanda kaɗan ka saki. Idan ka rikice, rage inji ka saki sandar dama, fiffiken zai daidaita kansa. Bayan minti biyar ka juyo ka fuskanci iska, ka rage inji jirgi ya riƙa saukowa da kansa, ka kashe shi gab da ƙasa, ka ɗan ɗaga hanci ya zauna a kan cikinsa. In ka ga faɗuwa ba makawa, kashe inji kafin ya taɓa ƙasa, ka ceci inji da ESC. Kana isa wurinsa ka cire batir, ka taɓa inji ka ji ko ya yi zafi, sannan ka tattara ko da ƙaramin ɓallin soso ne, domin kowanne yana da gurbin da zai koma.