Cin abinci a gidan abincin Japanawa: abin da matafiyi daga Yamai ya kamata ya sani

Ɗan kasuwar da ke tashi daga Yamai zuwa Dubai, Paris, Gwanzu ko Tokiyo, ko ba daɗe ko ba jima abokin hulɗa zai gayyace shi gidan abincin Japanawa. Yawancin mutanenmu ɗanyen kifi suke tsoro. Amma kifi a fili yake, ido na ganinsa. Inda Musulmi ya kamata ya sa ido shi ne romo da miya, don a nan alade da giya suke ɓuya.

Fara da taliyar da ake kira ramen. In ka ga an rubuta tonkotsu, romon ƙashin alade ne da aka daɗe ana tafasawa har ya yi fari. Yankan naman da ake ɗorawa a kai, chashu, shi ma galibi alade ne, haka nan naman da ake cusawa cikin gyoza, ƙananan ƙullin fulawa. Ko an ce romon kaza ne, ka tambaya, saboda gidaje da yawa suna haɗa ƙashi biyu a tukunya ɗaya, kuma tsame naman bai tsarkake romon ba. Alamar alade a rubutun Japan ita ce 豚, ana faɗin buta, namansa kuma butaniku. Ka ajiye hotonta a waya. Naman sa da na kaza kuwa, a Japan ba yankan Musulunci ba ne sai gidan da ya kafa shaidar halal.

Giya ta fi wuyar ganewa. Akwai mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da ƙarfinta ya kai wajen kashi 14 cikin 100, sai wata giyar shinkafar da ake kira sake, wadda ake zubawa a girki. Kusan duk miya mai duhu da sheƙi da zaƙi tana da su: teriyaki, miyar gasasshen kifin unagi, da ruwan da ake tsoma soyayyen tempura. Mafita tana da sauƙi. Tsiren kaza, wato yakitori, iri biyu ne, na tare mai miya da na shio mai gishiri zalla. A gidan da kazarsa halal ce, ka zaɓi shio. Tempura na jatan lande ko na kayan lambu ka ci shi da gishiri. Baƙin ruwan waken soya mai gishiri na kan tebur yana da ɗan burbushin giya daga tsimi, kuma malamai sun saɓa a kansa. Ka ji ta bakin malaminka tun kana gida, kada ka tsaya wasiwasi baƙi na jiranka.

To, sai kifin. Sashimi yankan ɗanyen kifi ne ba shinkafa. Nigiri ɗan curin shinkafa ne da kifi a bisa, maki kuma shinkafa ce naɗe cikin baƙin ganyen teku. Mai farawa ya soma da ebi, dafaffen jatan lande, da naɗin kokwamba, sannan ya gwada salmon guda biyu. Curi takwas zuwa goma na ƙosar da babba. Kifi mai kyau yana sheƙi, namansa a tsaye, ba ƙarni. In ƙarni ya tarbe ka tun daga ƙofa, ka juya. A Turai doka ta sa a daskarar da kifin da za a ci ɗanye a sanyin 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24 don kashe tsutsa. Mai ciki da mai raunin jiki su tsaya kan dafaffe. Kuma kada wani ya dawo gida ya gwada da giwan ruwa na kogin Isa: kifin kogi sai an dafa.

Koren ƙullun nan na gefen faranti wasabi ne. Ba kamar tonka ba da ke zaune a harshe, shi hanci yake hawa nan take har hawaye su zubo, sannan ya wuce cikin daƙiƙu. Ɗan kamar ƙwayar gero biyu ya isa, kuma sau da yawa mai girki ya riga ya sa a ƙarƙashin kifin. In ba ka so, ka ce sabi-nuki. Ruwan soya ka zuba kaɗan a ƙaramin faranti, ka juya nigiri ka taɓa gefen kifin. In ka tsoma shinkafar za ta sha ruwa ta wargaje, gishiri ya kashe ɗanɗano. Siraran yankan citta ana cin su ne tsakanin kifi da kifi don wanke baki.

Cin sushi, wato nigiri da maki, da hannu ba abin kunya ba ne, kuma jiƙaƙƙen tawul da aka kawo tun farko don goge hannu ne. In za ka riƙe tsinkayen ci, na ƙasa ya zauna daram a gindin babban yatsa, na sama kaɗai ke motsi. Abu biyu ka kiyaye: kada ka soke su tsaye cikin shinkafa, kada ka miƙa abinci daga tsinke zuwa tsinke. Duka biyun al'adun jana'iza ne a wurinsu. Inda aka shimfiɗa tabarmar tatami, a cire takalmi.

Wajen biya ma akwai bambanci. A gidajen da faranti ke yawo kan bel, launin faranti ne farashinsa, ana ƙirga su a ƙarshe, don haka ka duba allon farashi kafin ka ɗauka. Ƙananan gidajen taliya a Japan suna da inji a bakin ƙofa: ka sayi tikiti, ka miƙa wa mai girki. A izakaya, gidajen shan giya da hira na dare, za a ajiye maka ɗan abin taɓawa da ba ka nema ba, otoshi, kuma yana cikin lissafi. A Japan, harajin cin abinci a zaune kashi 10 ne cikin 100 tun 2019. Ana biya a kanta, a ɗora kuɗi kan ɗan tire, kuma ba a barin tukuici. In ka bar canji a tebur, mai hidima zai biyo ka da shi har waje.