Yadda na gyara matsalar jin muryar ƙasa a darasin horar da kunne

A darasin horar da kunne na jami'a, malami yakan buga jimlar kiɗa mai muryoyi huɗu a piyano, mu kuma mu rubuta ta. Muryar ƙasa, wato bes, ita ce take ɓace mini, musamman idan aka juya haɗin sautuka uku na do-mi-so har mi ya koma ƙasa, domin kunnena yakan ji do a wurin.

Ƙara ƙarar sauti bai taimaka ba, haddace jerin haɗe-haɗen kuwa ya sa hannu yana rubuta abin da ya saba.

Daga baya na naɗi jimlolin, na buɗe su a Audacity, wata manhajar gyara sauti, na rage duk sautin da ya haura hez 300 (hez shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti, yawan hez na nufin siririn sauti), tunda muryar bes ba ta cika wuce hez 262 ba. Na saita metronom, wato na'urar da ke ba da bugu a kai a kai don daidaita saurin kiɗa, a bugu 60 a minti, na riƙa rera bes ɗin da solfa, wato sunayen sautuka irin su do, re, mi, kafin in taɓa alƙalami. Sai na ɗaga iyakar daga hez 300 zuwa 600, sannan 1200, har na cire ta gaba ɗaya, bes ɗin bai sake ɓacewa ba. Alhamdulillahi, ina godiya ga abokin karatun da ya buga mini jimlolin.