Yadda Ake Gano Abin da Ke Bugawa a Bayan Mota Idan Ta Hau Gargada

Duk lokacin da mota ta fara yin ƙwam daga baya a kan gargada ko a cikin rami, abin da ya fi saurin zuwa zuciyar mai ita shi ne shokazoba ta mutu. Wani lokaci haka ɗin ne, amma sau da yawa ana sayen sababbi a ɗaura, a fita da motar, ƙarar kuma tana nan yadda take. Ƙarfen jikin mota yana ɗaukar sauti ya kai shi nesa da inda ya taso, saboda haka kunnen direba ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Kada a sayi komai sai an iya sa ƙarar ta fito da gangan, an kuma ɗora hannu a kan abin da ke yin ta.

Aikin farko ba ya buƙatar sifana. A kwashe duk abin da ke cikin but, har da jak da akwatin kayan aiki, a ɗaga shimfiɗar ƙasa a tabbatar cewa ƙusar da ke riƙe safaya ta ɗauru tam. A girgiza kujerun baya, musamman irin waɗanda ake naɗewa, domin idan maƙallinsu bai kama sosai ba suna bugawa daidai da yadda ƙafar mota ke bugawa. A duba makullin murfin but da robobin da yake zama a kansu. Wannan bincike yana kama da raini, amma minti 10 kawai yake ci, kuma ya sha raba gardama.

Idan ƙarar ba ta tafi ba, sai a nemi hanya marar cunkoso mai ɗan gargada, a zaunar da wani a kujerar baya ya saurara, a riƙa tafiya a hankali, kamar kilomita 15 zuwa 30 a awa, gilasai a rufe, rediyo a kashe. Abin da ake so a sani shi ne yanayin da ƙarar ke fitowa. A hau tudun rage gudu kai tsaye yadda tayoyin baya biyu za su tashi tare, sannan a sake hawa a karkace yadda ɗaya za ta riga ɗaya. Idan ƙarar ta fi fitowa a karkace, zargi ya koma kan sitabilaiza, wato sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage tangaɗi a kwana, domin sandar ba ta murɗawa sai tayoyin biyu sun saɓa. Idan kuwa tana fitowa ko ta yaya aka hau, shokazoba da mazauninta da sifirin sun fi kusa. Daga nan a sake bin wurin ana ɗan taka birki kaɗan. Ƙarar da ta ɓace da taka birki ta birki ce: ko dai fad, wato takalmin birkin da ke matse faifan taya, yana rawa a mazauninsa saboda ƙarafan da ke matse shi sun saki, ko kuma fil ɗin da kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fad ɗin, ke zamewa a kansu sun cinye. Akwai kuma bugun da ba ruwansa da gargada, wanda ke zuwa lokacin da aka sa giya ko aka saki totur a motar da ke ja da ƙafafun baya. Wannan na farfela ne ko na aksul, kuma bincikensa daban ne.

Irin sautin ma yana da abin faɗa. Ƙwas-ƙwas mai sauri a kan ƙananan duwatsu galibi na linkejin sitabilaiza ne, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa sandar da ƙafar mota. Dum guda ɗaya mai nauyi a rami babba ya fi kama da bushin (robar da ke tsakanin ƙarafan ƙafar mota a inda suka haɗu) da ya yage ko shokazoba da ta kai ƙarshen tafiyarta. Kacau-kacau irin na gwangwani kuwa na salansa ne ko farantin da ke kare zafinta.

Bayan an dawo, a ajiye motar a wuri mai lebur, a bar salansa ta huce. A tsaya daga baya a duba ko wani gefe ya fi wani sauka, a auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi a kowane gefe. Bambanci bayyananne alama ce ta sifirin da ya karye ko ya gaji. A gwada notocin taya tun yanzu, domin taya mai kwance ita ce mafi haɗari a cikin dukan abubuwan da ake zargi, kuma ita ce mafi sauƙin gyara. Sannan a danna kusurwar motar da ƙarfi a saki. Shokazoba mai lafiya takan bar motar ta tashi sau ɗaya ta tsaya, mai rauni kuwa takan bar ta tana lilo. Sai dai wannan gwaji yana kama wadda ta mutu murus ne kawai, ba ya wanke wadda ta fara lalacewa. Ya fi amfani idan mutum ɗaya yana jijjiga motar, wani kuma ya ɗora tafin hannu a kan sassan ɗaya bayan ɗaya, yana kiyaye yatsunsa daga tsakanin zoben sifirin, domin hannu yana jin bugun da kunne ya kasa gano wurinsa.

Kafin a shiga ƙarƙashi, a sa waigi a tayoyin gaba, a ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe na tallafi. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a kwanciya a ƙarƙashin motar da shi kaɗai ke riƙe da ita. Akwai kuma wata dabara da ake yawan mantawa: idan aka ɗaga mota tayoyinta suka rataye, sifirin yana miƙe sassan ƙafa ya matse su, sai rawar da ake nema ta ɓuya. Shi ya sa ramin gareji, ko tudun da mota ke hawa da tayoyinta, ya fi dacewa da wannan aiki, tunda nauyin motar yana zaune yadda yake a kan hanya.

A fara da salansa. A doke ta da gefen dunƙulen hannu, a kaɗa ta hagu da dama, a ga ko tana taɓa bodi ko aksul. Robobin da ke rataye ta suna tsagewa da tsufa, kuma duk inda ƙarfe ke dukan ƙarfe akan ga tabo mai sheƙi ko wurin da fenti ya goge. Wannan tabo shi ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi a dukan binciken, don haka a haska tocila a neme shi ko'ina, har a kan wayar birkin hannu da maɗaurin tankin mai.

Linkejin sitabilaiza ya cancanci a daɗe a kansa, domin ƙaramin abu ne mai yawan laifi. Ɗan gajeren ƙarfe ne mai gaɓa ko roba a kowane kai, kuma da zarar robar da ke rufe gaɓar ta fashe, giris ya fita, ƙura da ruwa sun shiga, sai ya fara rawa. A kama shi a jijjiga, ko a sa liba a ɗan taɓa sandar sama da ƙasa. Bai kamata a ji ko ɗan motsi ba. Idan ana shakka, a kwance linkeji na gefe biyu, a ɗaure sandar da waya yadda ba za ta taɓa komai ba, a yi ɗan gajeren gwaji a hankali. In ƙarar ta ɗauke, laifin yana tsakanin linkejin da robobin da ke riƙe sandar a jikin mota. Wannan na gwaji ne kawai, ba a ci gaba da yawo a haka, saboda motar za ta fi karkata a kwana.

A shokazoba, ɗan danshin mai a saman jikinta ba laifi ba ne, amma mai da ke gangarowa har ƙasa yana tara ƙura yana nufin ta zube. Sau da yawa ita kanta lafiyarta ƙalau, robar idonta na ƙasa ko mazauninta na sama ne ya cinye, ko noti ya saki. A motoci da yawa ana ganin mazaunin na sama daga cikin but idan aka janye labulen gefe, kuma a nan ne ya kamata a duba tsatsa, domin ƙarfen wurin yana iya ruɓewa har shokazoba ta riƙa dukan bodi. Sifirin mai murɗi yakan karye ne a zoben ƙarshe, inda ruwa da laka ke taruwa, kuma guntun yakan ɓuya a mazauninsa sai an shafa da hannu. A motocin ɗaukar kaya masu sifirin na falle-falle, a duba fallen da ya tsage, da ƙusoshin da ke ɗaure shi da aksul, da robobin idanunsa.

Saura bushin. Motar da ƙafafunta na baya ke kan sanda guda mai murɗawa tana da manyan bushin biyu ne a inda sandar ta haɗu da bodi, ita kuwa mai hannuwa da yawa, wato ƙarafan da ke haɗa taya da bodi, tana da su birjik, kuma dole a bi su ɗaya bayan ɗaya da liba. Roba mai lafiya tana ɗan lanƙwasa ta dawo. Wadda ta rabu da ƙarfenta tana barin hannun ya zame har a ji ƙwas. Bayan wannan a ɗaga tayar, a kama ta sama da ƙasa a jijjiga, a sake kama ta gefe da gefe. Rawa a nan tana nuna boris ko wata gaɓa, kodayake boris ya fi sanar da kansa da gurnani mai ƙaruwa da gudu.

Idan an gano mai laifin, shokazoba da sifirin ana canza su bibbiyu ne, hagu da dama, don kada ƙarfin gefe ɗaya ya fi na ɗayan. Sifirin da aka matse yana ɗauke da ƙarfin da zai iya raunata mutum, saboda haka wanda ba shi da na'urar matse shi ya bar wa makanike. Ƙusoshin da suka ratsa bushin kuma ba a yi musu ɗaurin ƙarshe sai motar ta sauka a kan tayoyinta; in an ɗaure su tana rataye, robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri, ƙarar ta dawo. Idan an taɓa hannuwan ƙafa, a kai motar a daidaita tayoyinta, sannan a koma kan gargadar da aka yi gwajin farko, da gudu iri ɗaya, da mai sauraro a kujerar baya.